Haƙarƙarin kare da zafin Garwa

Maƙwabcinmu a nan Garwa mafarauci ne, yana da karnuka irin dogayen nan masu siririn kwiɓi. Baƙo in ya gan su sai ka ji ya ce, "Baba, ba ka ba su abinci ne? Ga haƙarƙari duk a waje." Shi kuwa ya ce halittarsu ke nan. Kuma gaskiyarsa, don karen da aka yi domin gudu ba ya tara kitse a awaza.

Ƙirjin mutum mai faɗi ne daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Na kare a matse yake ta gefe biyu, ya yi zurfi zuwa ƙasa tsakanin ƙafafun gaba. Haƙarƙarinsa 13 ne a kowane gefe, namu 12. Tara na farko sun kama ƙashin ƙirji da guringuntsi, uku na biye sun jingina da juna. Na ƙarshen gajere ne, bakinsa bai kama komai ba, a cikin tsoka yake kwance. A jikin wasu karnukan yakan ɗan turo fata, har a zaci karaya ce ko ƙari, alhali lafiya lau.

Ka zauna kusa da kare yana barci ka duba. Haƙarƙarin gaba da kyar suke motsi, su ne ke ɗauke da nauyin jiki. Na baya ne ke buɗewa waje, su ɗan yi gaba, tantanin tsokar da ya raba ƙirji da ciki ya ja baya, iska ta cika huhu, kamar zugazugin maƙeri. Fitarta ba ta son ƙarfi, ƙirjin ne ke komawa da kansa. In yana sukuwa kuma, kowane tsalle numfashi ɗaya.

Haki daban ne, kuma shi ya fi damuna. A Maris da Afrilu zafin garin nan yana wuce digiri 40. Kare ba ya gumi kamarmu sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da harshe da hanci yake fitar da zafi. Hakin yakan kai sau 300 a minti ɗaya, gajere-gajere, iskar ba ta shiga can ciki sosai. To yaya za a ɗaure dabba irin wannan a rana tsaka ba inuwa ba ruwa, ko a ɗaure masa baki? Wallahi raina yana ɓaci in na gani.

Mai karen gadi ko na farauta ya riƙa ƙirga numfashinsa lokacin barci a inuwa, tashi da saukar awaza a matsayin ɗaya. Mai lafiya yakan yi 15 zuwa 30 a minti. In kullum yana wuce haka, ko ka ga ciki ne ke turo numfashin, ya miƙe wuya, ya ware ƙafafun gaba, dasashi ya yi fari ko shuɗi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.