Kek mai hawa huɗu a hanyar Zariya

Wata biyu ke nan da bikin, amma har yau idan ina cikin mota aka taka birki da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Shekarata bakwai ina yin kek a Kano, na suna, na sauka, na aure ban san iyaka ba, ban taɓa tafka kuskure mai tsadar wanda na yi a Afrilun nan ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, na san ƙa'idar. Ni da bakina nake gaya wa 'yan matan da ke koyon aiki a wurina cewa kek ɗin da ya wuce hawa biyu ba a haɗa shi a gida matuƙar zai yi doguwar tafiya.

Kek ɗin dina ne, a wani ɗakin taro a Zariya, ranar Asabar da ƙarfe takwas na dare. Hawa huɗu, na ƙasa inci 12, sai 10, sai 8, na sama inci 6. Fari tas, da zanen ruwan gwal irin na lallen amarya, da furannin sukari guda 24 da na kwana uku ina murzawa da hannu. Gasa kek ɗin bai ba ni matsala ba. Zafin bazara ma na yi masa shiri daidai gwargwado. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, bota kuwa tun daga wajen 32 zuwa 35 take narkewa, shi ya sa ban shafe jikin kek ɗin da kirim ɗin bota ba, na shafe shi da haɗin farar cakulan kafin na lulluɓa fondan, wato ƙullun sukarin da ake murzawa a rufe kek da shi. Kirim ɗin bota a tsakiya kawai na sa, don amarya ta ce shi take so.

Ranar Juma'a da dare, bayan an ɗaura aure, Hajiya mahaifiyar amarya ta kira ni wajen ƙarfe tara. Ta ce, "'Yata, ki turo mini hotonsa a haɗe, dangin ango na son gani." Na ce, "Hajiya, ai sai mun iso can ake haɗawa." Ta ce a'a, lokacin bikin babbar 'yarta mai kek ta makara, baƙi na zaune tana ta ɗora wannan kan wancan a gaban jama'a, ita ba za ta sake ganin wannan abin kunya ba. "Ki kawo mini abina a gama, Allah Ya yi miki albarka."

Nan na kasa cewa komai. Babbar mace ce, sa'ar mahaifiyata, ta haɗa da sa albarka, ga kuma cikon kuɗina yana hannunta. Kunya da tsoron ɓacin ranta suka rufe mini baki, na ce to.

Na kafa wa kowane hawa sandunan tokara a cikinsa, na ɗora ɗaya bisa ɗaya, na manne su da narkakkiyar cakulan. Da na zo kan doguwar sandar tsakiya, wadda ake fiƙe bakinta a soke ta tun daga sama har ta huda faifan ƙasa, sai na tarar wadda ta rage mini gajeriya ce, iyakarta hawa biyu. A wannan daren babu shagon kayan kek da zan samu a buɗe a Sabon Gari. Na girgiza teburin kaɗan, kek bai motsa ba, na ce wa raina zai riƙe. Na ɗauki hoto na tura, Hajiya ta yi ta shi mini albarka. Daga wannan lokacin ba ja da baya, domin na riga na ɗinke mahaɗar kowane hawa da zanen gwal, ɗaga shi kuwa ɓata aikin ne.

Ga wadda ba ta gane bambancin ba: gajerun sandunan nan nauyin sama kawai suke ɗauka, su hana hawa ɗaya nutsewa cikin na ƙasansa. Ba ruwansu da motsin gefe. Abin da ke hana kek zamewa gaba idan mota ta tsaya farat ɗaya ita ce sandar tsakiya, ita ce kuma na tafi babu.

Mun yi da direba zai zo ƙarfe shida na safe, bai iso ba sai sha ɗaya da rabi, ya ce layin mai ne ya riƙe shi. Na tambaye shi, "Malam, esi ɗinka na aiki?" Ya ce ƙwarai. Ban shiga na ji da jikina ba. Yana aiki ɗin, amma sanyin a gaba ya tsaya, shi kuwa kek saboda tsawonsa babu inda zai zauna sai can baya, daidai gilashin da rana ke duka. Da a rarrabe yake, da kowane hawa yana cikin kwalinsa a ƙasan kujera inda sanyi ke kaiwa. Duk inda na juya lissafin, kan haɗawar daren Juma'a yake komawa.

Ƙanwata ce ta zauna a baya tana riƙe da kwalin. Muna wuce Kura ta ce, "Yaya, ya fara gumi." Na san za a yi haka, kek ɗin da ya fito daga sanyi ya shiga iska mai ɗumi dole fondan ya yi raɓa, kuma idan ba a taɓa shi ba yakan bushe da kansa. Wanda ban gani ba shi ne abin da ke faruwa a ciki: cakulan ɗin da na manne hawa-hawan da ita ta yi laushi, kirim ɗin tsakiya ya saki.

Mun ɗan wuce Kwanar Dangora wani mai babur ya faɗo titi ba tare da ya duba ba. Direba ya taka birki, kuma ban ga laifinsa ba, rai ya ceta. Na ji wani ɗan sauti daga baya, ƙanwata ta yi salati. Da muka tsaya a gefen hanya na buɗe kwalin, hawa biyu na sama sun zame gaba tare. Na inci 8 ya tsage gida biyu, kirim na tsiyaya, ya danne gefen na ƙasansa ya fasa fondan ɗin. Na sama ya daki jikin kwali, furannina sun zube kamar fasasshen tangaran. Guda tara suka tsira.

Na yi kuka a bakin titin nan, manyan motoci na wucewa suna watsa mana ƙura. Sannan na cire hawa biyun na sama da hannuna, muka dawo da komai tsakiyar mota, abin da ya kamata a ce na yi tun daga gida.

Mun shiga Zariya wajen ƙarfe uku. Abu ɗaya da na yi daidai a tafiyar nan shi ne jakar gyara da ba na fita ba ita: ragowar fondan, haɗin cakulan, garin gwal, burushi, wuƙar shafi. Mai kula da ɗakin taron, Allah Ya saka masa da alheri, ya buɗe mana ofishinsa mai sanyi. Na inci 8 ba ya gyaruwa, na haƙura da shi. Na cike fashewar na inci 10, na yi masa ɗamarar sabon fondan, na sake zana gwal a kai, na juya wajen ya kalli bango. Na inci 6 na ɗora shi kai tsaye a bisa, na jera furanni taran su rufe tazarar da ta yi yawa. Awa uku ina tsaye, hannuna na rawa.

Hajiya na kira da kaina kafin wani ya kai mata labari. Ta shigo ta tsaya tana kallo, ta ce, "Ina ɗayan?" Na gaya mata gaskiya, ban kuma ce ai ke kika matsa ba, don ita ba ta san sandar tsakiya ba, ni na sani. Ta yi shiru, can ta ce, "Tunda kun iso lafiya, Alhamdulillahi." Na yafe cikon kuɗin gaba ɗaya, wanda kusan shi ne ribar aikin. Wata gwaggon amarya kuwa da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, yadda zan ji, masu kek ɗin Kano sai tsada ba aiki. Wannan maganar har yau tana sukata fiye da asarar kuɗin.

Yanzu tun ranar karɓar kafin alƙalami nake faɗa, in kuma rubuta a saƙo: a wurin biki nake haɗa kek, zan iso awa huɗu kafin taro, kuɗin mota daban. Mai son ganin hoto ina nuna mata wanda na taɓa yi. Motar da zan shiga sai na zauna a bayanta na ji sanyin da kaina, a bazara kuma bayan sallar asuba nake kama hanya, direban da bai zo ba in nemi wani. Dogayen sanduna kuwa dami guda na saya. Makon jiya wata Hajiya ta nemi in kai mata mai hawa biyar Katsina a haɗe, na ba ta haƙuri har sau uku, ta kai aikin wani wuri. Na ji zafin rasa shi, amma na yi barci a daren.

Amarya ta turo mini hoton yanka kek, ita da ango suna riƙe da wuƙa suna dariya, ta rubuta cewa ƙawayenta na ta tambayar lambata. Duk wanda na nuna wa sai ya ce ya yi kyau. Ni idan na kalla, idona tsakanin na inci 10 da na inci 6 yake tsayawa.