Ranar farko a jirgin ruwan shaƙatawa, daga Barsalona

Kwana uku ke nan da saukata, amma har yanzu idan na tsaya wanka sai in ji kamar ƙasa na lilo da ni. Dare bakwai muka yi a Bahar Rum, daga Barsalona ta Sifaniya muka tashi, can kuma muka dawo. Duk wanda ya tambaye ni yaya tafiya, da ranar farko nake fara masa, domin ita ce ranar da babu hutu a cikinta. Layi ne, da takardu, da talla, da atisaye, kuma abin da mutum ya yi ko ya bari a sa'o'i biyar ɗin farko shi zai bi shi har ƙarshen mako.

Manyan jiragen suna tsayawa ne a Moll Adossat, wani dogon sashe na tashar da sai an haye gadar Porta d'Europa ake kaiwa. A taswira kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma da akwati a hannu ba wurin zuwa da ƙafa ba ne. Akwai bas da ke ɗiba daga kusa da hasumiyar Kolumbus, a ƙarshen titin La Rambla, akwai kuma tasi. Ko wanne aka hau, a duba harafin zauren shiga da ke jikin tikiti kafin a tashi, don zaurukan a jere suke da tazara, A, B, C har zuwa gaba, kuma wanda aka sauke a wanda ba nasa ba zai ja kaya cikin rana.

An ba ni lokacin zuwa tsakanin 11:30 da 12:00. Kafin in shiga zauren, 'yan dakon tashar suka karɓi babban akwatina, ban sake ganinsa ba sai dare. Nan ne kuskure na farko ke faruwa. Takardar da ake liƙa wa akwati, mai ɗauke da lambar ɗaki da bene, tun kafin a taso ake buga ta, a ninke, a ɗaure a mariƙi. Takarda ce kawai, ana jefa akwatuna cikin keji tana iya tsinkewa, don haka a nannaɗe ta da salatif, a kuma saka wata mai suna da lambar ɗaki a cikin akwatin. Fasfo, tikiti, magungunan da ake sha kullum, caja, da riga ɗaya ta canji, duk a jakar hannu suke zama. Na ga wani dattijo yana roƙon a nemo masa akwatinsa cikin dubbai saboda fasfonsa na ciki. An nemo, amma sai da ya yi zaman awa biyu a benci.

Binciken kaya bai kai na filin jirgin sama tsanani ba, ba a sa mu cire takalmi ba, sai dai abin da suke nema daban ne. Babban abin tsoro a jirgin ruwa wuta ce. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir, duk ba sa shiga. Ni soket mai baki huɗu aka kama ni da shi, irin mai kariya daga hauhawar wuta. Jami'in bai ko ɗaga kai ya dube ni ba, ya ciro shi daga jaka, ya liƙa masa lamba, ya turo mini rabin takarda. Na tambaye shi dalili, ya nuna allo da haɓa ya ce na gaba. Rashin faram-faram ɗinsa ya ɓata mini rai, amma yana da gaskiya. Tsarin lantarkin jirgi ba irin na gini a tudu ba ne, kuma irin wannan soket yana iya yin zafi ya kama da wuta, har rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa a 2013. Cajar USB mai bakuna da yawa ba ta da wannan matsala, ita ya kamata in ɗauko.

A teburin rajista aka duba fasfo da biza, aka ɗauki hotona, aka ba ni kati. Wannan katin shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga a kowace tasha, shi ne kuma aljihu, domin a cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana haɗa shi da katin banki, kuma a nan akwai tarko. Idan katin cirar kuɗi kai tsaye aka ba su, sukan riƙe wani adadi a asusu a matsayin jingina, su ƙara riƙe wani idan kashewa ta ƙaru, kuma banki kan ɗauki kwanaki bai sake shi ba bayan an sauka. Wanda ba ya son haka yana iya ajiye tsabar kuɗi a ofishin kula da baƙi, a riƙa cira daga ciki.

Da na taka gadar shiga na faɗa tsakiyar jirgin, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ban ji alamar ruwa ba ko kaɗan. Sai ka ce harabar katafaren otal, ga kiɗa, ga fitilu, ga mutum sama da dubu huɗu kowa da jakar hannu yana neman lifta. Ɗakuna ba sa buɗewa sai wajen ƙarfe ɗaya zuwa biyu, saboda da safen nan aka sauke waɗanda suka kwana a cikinsu. Kowa sai ya nufi wurin abinci na ɗebi-da-kanka a bene na sama, a cika shi maƙil. Dabarar ita ce a wuce tebura na farko a tafi can ƙarshen zauren ta bayan jirgi, abincin iri ɗaya ne, layin kuwa bai kai rabi ba. A ƙofa akwai ma'aikaciyar da ba ta barin kowa ya wuce bai wanke hannu ba. Wasu suna tsaki, ni kam na yaba mata, don cutar amai da gudawa idan ta shiga wuri irin wannan, kan ka ce kwabo ta zaga.

Daga nan sai talla. Duk inda na juya akwai mai tebur: kunshin abin sha na mako, kunshin intanet, tausa, hoto, gidan abinci na musamman. Suna da ladabi ƙwarai, "Yallaɓai, yau kaɗai ke da rangwame," kuma ladabin ne ke sa mutum ya miƙa kati bai yi lissafi ba. A yi lissafin. A raba kuɗin kunshin na yini da kuɗin kofi ɗaya, a ga ko kofuna nawa za a sha kafin a fanshe, a kuma tuna cewa yawancin kwanakin a gari za a wuni. Kamfanoni da yawa ma sai duk manyan da ke ɗaki ɗaya sun saya tare. Lemon da na saya kafin mu tashi, rasit ɗinsa layi uku ne: kuɗin lemon, kuɗin hidima na kashi 15 cikin 100, da harajin Sifaniya na kashi 10, tunda har lokacin muna cikin ruwanta. Ban da wannan akwai kuɗin hidima na kullum da ake ɗora wa kowane fasinja ko ya saya ko bai saya ba. Ba na ƙyashinsa, ma'aikatan suna aiki kamar ba sa gajiya, amma na fi son a haɗa shi da kuɗin tikiti tun farko a daina kiransa tukuici.

Abin da ya cancanci lokaci a wannan tsakanin guda biyu ne. Na farko, zuwa wurin shugaban zauren cin abinci. Abincin dare zama biyu ake yi, na wuri da na dare sosai, kuma da ranar farko kaɗai ake samun sauƙin canjawa. Mai abincin da ba ya ci, ko wanda jikinsa ba ya karɓa, a nan zai faɗa a rubuta. Na biyu, zaga jirgin da ƙafa. A san ina ne gaba, ina ne baya, a lura cewa lambobin ɗakuna masu mara suna gefe ɗaya, masu cika suna ɗaya gefen. Namu jirgin ba shi da bene na 17, daga 16 sai 18, saboda Italiyawa suna camfa wannan lambar kamar yadda wasu ke camfa 13.

Ɗakin ƙarami ne amma ba a bar ko taku ɗaya a banza ba. Mai kula da shi, wani ɗan Indunusiya mai sanyin murya, shi ya wanke mini ɓacin ran da na kwaso daga wurin bincike. Cikin minti biyar ya nuna mini abin da da sai na kwana biyu ban gano ba. Akwati a ƙarƙashin gado yake shigewa. Bangon ƙarfe ne, ƙugiya mai maganaɗisu tana kamawa, a rataye hula da jaka. Wutar ɗaki ba ta kamawa sai an zura kati a ramin bakin ƙofa. Idan ƙofar baranda na buɗe na'urar sanyaya ɗaki tana tsayawa, kuma kada a buɗe ƙofar ɗaki a lokacin, iska za ta maka ta da ƙarfin da zai iya murƙushe yatsa. Masai kuwa da zuƙar iska yake aiki, da ƙara kamar tari, bututunsa siriri ne. "Yallaɓai, ban da takardar da muka ajiye, kada a jefa komai," in ji shi, domin tsumman goge jiki ɗaya yana iya toshe wa ɗakuna da yawa.

A bayan ƙofa akwai allo mai nuna wurin taruwar gaggawa da hanyar zuwa. Na ɗauki hotonsa. Atisayen ceto dole ne, dokar SOLAS ce, yarjejeniyar kare rayuka a teku da aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic. Da can ana iya jinkirta shi har sa'o'i 24 bayan shiga. A ranar 13 ga Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma waɗanda suka hau a Civitavecchia, tashar da ke kusa da Rom, da yammacin ba a riga an yi musu atisaye ba. Daga baya aka gyara dokar, ya zama kafin tashi ko nan take bayan tashi. Yanzu an sauƙaƙa: na kalli bidiyon yadda ake sa rigar ceto a talabijin ɗin ɗaki, na taka zuwa wurin taruwata aka karanta katina. Da matakala na je, da gangan, tunda ranar da abin zai faru ba lifta. Daga baya aka busa alamar don kowa ya san ta, gajeru bakwai, doguwa ɗaya. Masu ƙin zuwa ana kiran lambobin ɗakunansu a lasifika, a ji kunya a banza.

Ƙarfe shida aka kwance igiyoyi. Na ɗauka zan ji girgiza, sai kawai na ga tazara tana buɗewa tsakaninmu da bakin tasha, jirgin yana matsawa a kaikaice da ƙananan farfelolin gefe. Ganuwar Montjuïc tana sama da mu, birnin yana ja da baya. Kowa ya tafi wajen kiɗa a bakin wurin ninƙaya, ni kuwa na leƙa ƙasa ta gefe, na ga ƙaramin kwale-kwale ya manne da jikin jirgin muna cikin tafiya, jagoran tashar da ya fito da mu ya sauko ta tsanin igiya ya taka cikinsa kamar mai sauka daga matakalar gida. Wannan ne lokacin mayar da waya yanayin jirgin sama. Da an yi nisa da gaɓa, wayar takan kama layin jirgin mai bi ta tauraron ɗan'adam, wanda ba ya cikin tsarin kira na Tarayyar Turai, kuma ko ba a taɓa ta ba manhajoji suna ta shan data a kan farashi mai zafi. Kantunan jirgin ma sai a lokacin suka ɗaga ƙofa, don ba sa buɗewa a tasha.

Akwatina ya iso wajen takwas. Wanda nasa bai zo ba zuwa tara, yawanci an ga wani abu ne a ciki, sai ya sauka ƙasa ya buɗe a gaban jami'an bincike. Cikin dare muka shiga mashigin Golfe du Lion, inda iskar Mistral ke kaɗawa, a nan na fara jin ruwa sosai, rataye-ratayen kabad suna ta ƙwanƙwasa juna. Ɗakina a tsakiya yake kuma a ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Waɗanda suka biya da tsada suka kama can sama ta gaba, su na gani da safe suna tambayar maganin jiri, alhali kafin a tashi ake shan sa.

A Marsai ta Faransa muka wayi gari. Jenowa ta biyo baya, tashar a cikin gari take, da ƙafa ake fita. Civitavecchia kuwa ba Rom ba ce, sai an ƙara tafiyar sama da awa ɗaya a jirgin ƙasa, kuma jirgin ruwa ba ya jiran wanda ya makara. Palermo, wuni ɗaya a teku, sai Palma. Ranar sauka na tarar da soket ɗina a wani tebur a bakin fita, cikin tarin duwatsun guga, na miƙa rabin takardata aka ba ni.