Warin Ƙonannen Bel a Tsakiyar Hawa

Karatun kula da filayen kiwo da namun daji ne ya kai ni Teksas, aikin hutu kuma ya kai ni gandun da na ƙare da yin shekara uku a cikinsa, can yamma da San Antoniyo, kusa da garin Junction inda rassa biyu na kogin Llano suke haɗuwa. Farautar can ba irin tamu ba ce ta a kaɗa ganga a tara karnuka a faɗa daji. Kusan duk ƙasar Teksas tana da masu ita, daji da shingensa da ƙofarsa da kwaɗonsa. Maharbi sai ya biya mai gandu, na shekara ko na 'yan kwanaki, kafin ya shigo ya harbi barewa. Mu ma'aikata namu shi ne mu yi duk abin da zai sa barewa ta zauna, maharbi kuma ya dawo baɗi. Na zo da tunanin ƙirgar namun daji da rubuta rahoto, sai na tarar rabin yinina dako ne.

Babban kayan dakon masara ce. Dokar jihar ta yarda a zuba wa barewa abinci a filin da ke da mai shi, don haka kowane gandu za ka ga ganguna a kan dogayen ƙafafu, da ɗan inji mai agogo a gindinsu yana watsa masara safe da yamma. Namu goma sha huɗu ne, a warwatse. Bayan masara sai ruwa da bazara, sai waya da turakun gyaran shinge, sai itacen da aka sare, sai kuma abin da aka harbe.

Abin hawan wannan aiki suna ce masa UTV, tsofaffin yankin kuma su ce bagi. Ni kurkurar daji nake ce mata, don aikinsu ɗaya da kurkurar da ke jigilar kaya a Kano, sai dai ita taya huɗu gare ta kuma duka suna ja, ga sitiyari, ga kujera, ga bodi a baya. Kawasaki ya fito da tasa a 1988 ya sa mata suna Mule, wato alfadari. John Deere ya biyo da Gator a 1992, Polaris da Ranger a ƙarshen shekarun 1990, Kubota ya kawo mai shan gas a 2004, daga baya Honda da Pioneer, Can-Am na Kanada da Defender. Yau in ka shiga shagon dillali sai idonka ya raina fata.

Tamu tsohuwa ta gama aiki, sai maigida ya ce tunda ni ne ɗan boko, in bincika in faɗa masa wadda za a saya. Dare uku na yi a gaban kwamfuta. Na jera su bisa ƙarfin doki da gudu da yawan kujeru, na zaɓi wata doguwa mai ƙofa huɗu wadda ta fi kowacce doki. Shugabanmu na ma'aikata wani dattijo ne haifaffen arewacin Meksiko, ina ce masa Baba, shi kuma ya ce min ɗana. Ya karɓi takardar ya duba, ya miƙo min, bai ce uffan a kanta ba. Da dillali ya kawo mana irinta don gwaji, abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Gobe akwai rabon masara. Kai za ka tuƙa."

Buhun masarar can fam 50 ne, kusan kilo 23. Na loda ashirin a bodi, na ƙara wasu a 'yar tirela, muka hau mu uku. Akwai wani hawa kafin gangunan arewa, farin dutse ne hawa-hawa kamar matakala, dole ka bi shi da tafiyar hawainiya. Na bar giya a H, wato babbar giya, don a ganina inji mai doki tamanin ba ya buƙatar taimako. Muna tsakiyar hawan wari ya taso, irin na taya da aka jefa a wuta. Inji yana ihu, mota tana fizga tana tsayawa. Baba ya ɗora hannu a kan nawa ya ce in kashe. Ya nuna min harafin da ke ƙasa da H ɗin ya ce, "Ɗana, L ɗin nan ba ado ba ne."

Sai da muka sauke buhunan a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, rana tana tsaka, sannan ya zauna a inuwa ya bayyana min. Yawancin waɗannan motoci ba su da giya irin ta akori-kura. Faifai biyu ne masu matsewa da buɗewa, da bel na roba a tsakaninsu, shi ke kai ƙarfin inji zuwa taya. In kana tafiya a hankali da kaya masu nauyi a babbar giya, faifan gaba ba ya kama bel ɗin da kyau, sai ya riƙa gurzar wuri guda har ya ƙone. Ƙaramar giya, wato L, tana sa inji ya juya da sauri, faifai ya kama gam, iska kuma ta sanyaya shi. Duk wannan yana rubuce a littafin motar, wanda na tsallake don ba shi da lambobin da za su shiga jadawalina. Laifin nawa ne, motar ba ta yi komai ba. Kuɗin bel ɗin ma daga aljihuna ya fita.

Ban fita daga wannan da cewa bel abin gudu ba ne. Polaris da Can-Am da Yamaha da Kawasaki duk da shi suke aiki, kuma a hannun wanda ya sani yana shekaru. Tambayar da ban yi ba ita ce wa zai riƙa tuƙawa. A gandun farauta mota ba ta da direba ɗaya. Yau ni, gobe baƙon da ya zo daga Houston, jibi ɗansa, gata ɗan ƙwadagon da aka ɗauka na mako guda. In lafiyar mota ta dogara ga kowa ya tuna da L, to a sa kuɗin bel a lissafi tun farko. Honda Pioneer 1000 giyar ƙarfe gare ta mai kuloci biyu, babu bel. Kubota kuma da matsin mai take tafiya, kana ɗaga ƙafa daga totur sai ta riƙe kanta. Wannan riƙewar, ga mai gangara da lodi, ta fi doki ashirin amfani.

Bayan wannan Baba ya ba ni ɗan littafi da fensir, ya ce mako biyu in rubuta duk abin da muka ɗauka da tarakta ko da hannu: mene ne, nauyinsa, daga ina zuwa ina, mutum nawa. A nan karatun gaske ya fara.

Manyan motocin nan galibi an rubuta bodinsu yana ɗaukar fam 1,000, kilo 450 ke nan, buhunmu na gida huɗu da rabi. Amma akwai wata lamba ta biyu da ta haɗa bodi da mutane da duk tarkacen da ke ciki, kuma a kanta ake hukunci. Ƙarti uku kaɗai sun cinye kusan kilo 270 kafin a ɗora ƙwayar masara. Kujera kuma bodi take ci. Kawasaki yana da Mule Pro-FXT wadda ake mayar da ita mai mutum uku ko mai shida: da uku tana ɗaukar fam 1,000, da shida sai 350, buhu bakwai kacal. Da na duba littafina, cikin mako biyu sau ɗaya tak muka taɓa zama fiye da mutum biyu a tafiya. Ni kuwa na so sayen kujera shida saboda makonnin farauta, alhali dako shekara ake yi ana yinsa.

Ruwa ne ya fi ba ni tsoro da na zauna na lissafa. Tankin roba mai keji da ake samu ko'ina a can galan 275 ne, lita dubu da ɗan ɗoriya, kuma kowace lita kilo guda ce. Ka ga ya haura tan, ban da nauyin tirelar. Takarda tana cewa wasu motocin suna jan fam 2,500, kimanin kilo 1,130, sai mutum ya ga kamar ya yi daidai. Ja ba shi ne wahala ba, ko jaki in ka matsa masa zai motsa amalanke. Tsayawa ce. Motar kanta ba ta kai nauyin abin da ke bayanta ba, a gangara tirela ce ke tuƙa ka. Tankin da aka sha rabinsa ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana gudu gaba da baya, ka taka birki ya doke ka daga baya. Muka bar babban tanki wa tarakta, muka sa ɗan galan 100 a bodi, muna sawu uku maimakon ɗaya.

Sai ƙasar kanta. Na bi hanyoyin gandun da ƙafa da awo a hannu. Doguwar mota a kan matakalar dutse cikinta ke dafewa, tayoyi su rataye kamar kunkurun da aka ɗora a turmi. Ƙofofi biyu na cikin gandu da ƙyar faɗinta zai shige. Gudu kuwa, babu inda mai hankali zai wuce kilomita 25 a awa. Abin da ke kayar da mu kullum ƙaya ce. Bishiyar meskit ƙayarta kamar ta aduwa, tayar da mota ke zuwa da ita daga kamfani ba ta mako guda lafiya, kuma babu mai faci a bakin hanya. Tayoyi masu kauri da ruwan toshe huji a ciki da kayan faci a aljihun mota sun fi min rufi mai sanyaya ɗaki. Da a gabashin Teksas muke, inda laka da taɓo suke, da lissafin ya juye: can mota mai nauyi nutsewa take yi, mara nauyi mai igiyar ja a gaba ita ce sarauniya. Shi ya sa in wani ya ce min wacce ta fi, sai in ce ya fara gaya min launin ƙasarsa.

Sauran abubuwan ba su ɗauke ni lokaci ba. Wane bakanike ne ya fi kusa, kuma yana da kayan gyara a ajiye? Muna da tankin gas na tarakta, to mai shan gas ta rage mana ajiye fetur. Busasshiyar ciyawa tana taruwa kusa da salansa, a ƙasar da gobarar daji ke cin gandu guda a yini, dole a riƙa leƙawa ana cirewa. Ɗamarar kujera kuma Baba ba ya wasa da ita, don in mota ta kife, mutum da kansa yake miƙa ƙafa waje ya tare, kejin ƙarfen da ya rufe kujeru ya sauka a kanta.

Muka sayi gajera mai kujera ɗaya doguwa, mai shan gas, wadda iyakar gudunta kilomita 40. Ba zan faɗi sunanta ba kada a ce talla nake. Maharba sun yi gunaguni, wai tana ƙara, wai kafin a kai su maɓoyarsu gari ya waye. Sai muka riƙa tashi da wuri da minti ashirin, muna kashe ta nesa su ƙarasa da ƙafa, wanda dama haka ya kamata.

Akwai abin da babu a jadawalina na farko amma ni na fi kowa cin moriyarsa. Aladen daji sun yi wa Teksas katutu, miliyoyi ne, suna tone gonaki suna ɓarke shinge, har daga 2019 doka ta cire buƙatar lasisi ga mai harbinsu a fili da izinin mai shi. Kwashe su yana cikin aikin. Na gaya wa Baba tun farko cewa addinina ya sa ba na son taɓa su, bai ja maganar ba. Ya ɗaura min ƙaramar igiyar ja mai inji a kan bodi, da faranti na jingina. Bodin kuma da matsin mai yake juyewa, ka ja ƙarfe ya zubar da kansa. Ƙaton alade mai kilo ɗari in ja shi sama in kai shi rami in juye, safar hannuna ko jini ba ta gani ba. Sannan in wanke bodin tas kafin a ɗora barewa, wadda ni ma ina da rabo a namanta in an bar ni na yanka.

A shekarata ta ƙarshe maigida ya dawo daga wani baje-koli yana zancen mai aiki da batir, Ranger XP Kinetic da Polaris ya fitar a ƙarshen 2021, wai ba ta da ƙara, barewa ba za ta ji zuwanka ba. Ya ce in sake bincikawa. Na je rumfar ajiya na ɗauko ɗan littafin daga ƙusar da ƙonannen bel ɗina ke rataye, don Baba ya hana a jefar da shi. Gangar da ta fi nisa kilomita goma sha ɗaya ce daga soket mafi kusa, hawa uku a tsakani, kuma a watan Janairu da asuba ruwan kwatarniya ƙanƙara yake zama. Da wannan na buɗe shafin farko.