Ƙodar ta kama, sai magani ya taɓa ƙwaƙwalwar maigidana

Bayan dashen ƙodar da aka yi wa maigidana, tambaya ɗaya muke yi a gidanmu: nawa kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, ya nuna yau? Ƙodar da ƙaninsa ya ba shi ta kama, an daina zaryar wankin ƙoda, sai hamdala. Amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce Tacrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, yana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Har yau abin yana mini ciwo.

Da rawar hannu ya fara. Malam ba ya kai kofin shayi baki sai ya zubar. Ga ciwon kai, ga rashin barci, ga faɗa daga mutumin da ko yaro ba ya yi wa tsawa. Sai ya fara tsayawa a tsakiyar Fatiha yana laluben aya. Dangi suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Mun yi addu'a, kuma muna kan yi, amma jini ya kamata a auna tun ranar.

A cikin haka gudawa ta kama shi, ga tari, aka karɓo masa Clarithromycin a kemis. Wa zai ce gudawa tana ƙara yawan magani a jini? Ni na ɗauka wanke shi za ta yi. Ashe ita da wannan maganin tarin duk suna haura da Tacrolimus sama. Da asuba ya faɗi yana jijjiga.

Hoton MRI ya nuna kumburi a bayan ƙwaƙwalwa, abin da likitoci ke kira PRES. Aka rage maganin, aka sauko da hawan jininsa, a hankali ya dawo hayyacinsa. Likitar ta ce faɗan nan da rashin barci ma akwai hannun Prednisolone a ciki, wani maganin da shi ma yake sha don hana jiki ƙin ƙodar. Bayanin minti biyar ne, wallahi, da an yi mana shi ranar sallama!

Yanzu ko maganin mura ba ya shiga bakinsa sai likitan ƙoda ya sani. Gwajin jini da safe ne, awa 12 bayan shan na dare, kafin ya sha na safe. 'Yar uwa, in mijinki ya fara mantuwa ko ruɗewa, ko ya ce yana gani dishi-dishi, kada ki tsayar masa da magani da kanki, ƙodar na iya lalacewa. Ki kai shi asibiti a ranar, ki ce a duba yawan Tacrolimus a jininsa.