Wa ya je ya auna guguwar Idai?

Tun watan Maris na 2019 da guguwar Idai ta afka wa birnin Beira a Mozambik, mutum sama da 1,000 suka rasu in an haɗa da Zimbabwe da Malawi, tambaya ɗaya ke min yawo a kai: da ake cewa iskarta ta kai gudun kilomita 195 a awa tun tana tsakiyar teku, wai wa ya je ya auna?

Ashe ba wanda ya je. A Atlantika ne Amurkawa ke tura jirage su kutsa cikin guguwa, amma a wannan ɓangare na tekun Indiya sai dai tauraron ɗan adam, masana na zaune a tsibirin Reyuniyon suna kintace daga hoto. Tsohuwar dabarar ta wani masanin yanayi ce, Vernon Dvorak, tun shekarun 1970, a duba yadda gajimare ya nannaɗe a ba shi maki. To amma fa sau da yawa gajimaren sama yakan rufe komai ruf kamar faifai a bakin tukunya, ba ka ganin abin da ke tafasa a ciki.

Nan maikurowef ya shigo, wato irin siginar da dish ke kamawa daga tauraron ɗan adam, kuma wallahi dish ɗin gidanmu ne ya fahimtar da ni. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin amma tibi na ta aikinta, sai ruwa ya kece da ƙarfi sannan hoto ya tsaya cak. Haka abin yake a can sama, maikurowef na ratsa siririn gajimare ya nuna inda ruwa da ƙanƙara suka yi kauri, sai ga idon guguwa da zoben da ya kewaye shi sun fito ɓaro-ɓaro. Na'urar AMSU kuma, mai aiki da maikurowef a kan tauraron ɗan adam, wadda aka fara harbawa a 1998, ɗumin cikin guguwar take ji, iya ɗumin tsakiyarta iya faɗuwar nauyin iska a ƙasa, iya nan kuma ƙarfinta.

Abin da ke damuna shi ne irin waɗannan taurari ba a tsaye suke ba, kowanne sau biyu kacal yake bi ta kan waje a rana, guguwa kuwa kan iya ƙara ƙarfi cikin dare ɗaya mutanen bakin teku na barci. Shi ya sa na ji daɗi sosai da NASA ta harba ƙanana guda 4 a Mayun 2023, masu suna TROPICS, don a riƙa leƙa guguwa akai-akai.