Asabar: gardama kan Adama da ɗansa a ƙofar gidanmu

Yau ban fita ko'ina da safe ba, domin aikin makon nan ya gajiyar da ni ainun, saboda haka da na karya kumallo sai na buɗe kwamfuta na ci gaba da kallon Battlestar Galactica, wanda nake maimaitawa karo na biyu. Shiri ne mai dogon zango na almarar kimiyya da aka nuna a talabijin a Amurka daga 2004 zuwa 2009, kuma labari ne na mutane kimanin 50,000 da suka tsira bayan butum-butumin da ake kira Cylon, waɗanda wasunsu ba a bambanta su da mutane, sun halaka duniyoyinsu 12, suka shiga jiragen sararin samaniya suna gudu suna neman matsuguni.

Kashin da na iso yau yana tsakiyar zango na 4. Kanar Saul Tigh, mataimakin kwamanda William Adama kuma amininsa na shekara da shekaru, ya zo ya faɗa masa da bakinsa cewa shi ma Cylon ne. Adama ya sa sojoji suka tafi da shi, sannan da ya kaɗaita a ɗakinsa ya sha giya ya yi tatul, ya naushi madubi, ya zube a ƙasa yana kuka kamar ransa zai fita, har ɗansa Lee ya shigo ya rungumo shi yana ƙoƙarin ɗaga shi. Edward James Olmos, wanda ya fito a matsayin Adama, yana da kimanin shekara 60 a lokacin, kuma bai ɓoye komai na munin kukan dattijo ba, har da dalalar miyau. Na dakatar da kallon a nan, na daɗe zaune ban motsa ba.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ni da autanmu da wani abokina da muke koyarwa a makaranta ɗaya, dukanmu kuwa mun kalli shirin. Ina ambatar wannan kashi sai auta ya yi tsalle ya dire, ya ce: "Yaya, wannan wurin ne ya ɓata mini shirin baki ɗaya." A ganinsa marubutan ba su san maza ba, ko kuma sun sani suka ƙi nunawa da gangan, domin mutumin da rayukan dubban jama'a suke hannunsa ba zai kwanta a ƙasa yana birgima a gaban ɗan cikinsa ba, komai tsananin abin da ya same shi. Ya ce ba shi kaɗai ke faɗin haka ba, kuma gaskiya ya faɗa: Dirk Benedict, wanda ya fito a matsayin matuƙin jirgi Starbuck a Battlestar Galactica na asali na 1978, ya rubuta maƙala a 2004 yana kokawa cewa an raunana mazan labarin, bayan da aka mayar da Starbuck mace aka bai wa Katee Sackhoff. Masu kallo da yawa a can sun bi bayansa, wasu kuma suka yi masa ca.

Abokina ya kafe a ɗaya gefen. Shi abin da ya burge shi a shirin shi ne ƙazantar mazan: Tigh da kwalbarsa da zagin na ƙasa da shi, da Gaius Baltar, masanin da son kansa da bin mata suka sa ya buɗe wa abokan gaba ƙofa ba tare da ya sani ba, sannan ya yi ta ƙarya don ya tsira da ransa. Ya ce waɗannan su ne maza kamar yadda Allah ya halicce su, ba irin mazan Star Trek ba (wani shirin almarar kimiyya na Amurka), masu tsaftar hali kamar an wanke su da sabulu, waɗanda ba sa hassada, ba sa gaba, ba sa ɗaga murya.

A nan na sa baki, domin wannan batu yana da tarihi. Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro Star Trek, ya gindaya wa marubutan wani sabon jerin Star Trek mai suna The Next Generation, da aka fara nunawa a 1987, sharaɗin cewa 'yan Adam na ƙarni na 24 sun wuce rigingimun da ke tsakaninsu, don haka kada a nuna ma'aikatan jirgin suna faɗa da juna. Ɗaya daga cikin matasan marubutan da wannan sharaɗi ya takura shi ne Ronald D. Moore, kuma shi ne ya rubuta kashin da aka nuna a 1990 inda Kyaftin Picard ya koma gonar inabin gidansu a Faransa bayan abokan gaba sun kama shi sun yi amfani da shi wajen kashe mutanensa. A can ya yi dambe da wansa a cikin taɓo, suka ɓarke da dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma kuka, ya furta abin da ya kasa faɗa wa kowa a cikin jirginsa. Wannan Moore ɗin ne daga baya ya sake gina Battlestar Galactica. Na ce musu mutumin da ya sa Adama kuka ya daɗe yana bin abu guda, wato wurin da namiji yake zuwa ya sauke kayansa, da kuma wanda yake yarda ya gan shi a wannan hali.

Auta bai gamsu ba. Ya ce Picard a gaban wansa ya yi kuka, wannan mai sauƙi ne, amma uba a gaban ɗa abu ne daban, kuma ya tambaye ni ko na taɓa ganin hawayen Baba. Ban ba shi amsa ba, aka kira magariba muka tashi.

A nan zan rubuta amsar, tun da ban iya faɗarta a tabarma ba. Lokacin da mai bi mini ya rasu a hatsarin mota, auta yana ƙarami ƙwarai, bai san abin da ya gudana ba. Baba ne ya tsaya a kan komai, daga wanka har zuwa makwanci, kuma kwana uku yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya ce masa "Allah ya ji ƙansa" sai ya amsa da "amin, na gode" da murya ɗaya wadda ba ta rawa, har mutane suna fita suna yaba dauriyarsa. A dare na huɗu na tashi shan ruwa, na ga hasken fitila a ɗakin marigayin. Ta tsagar ƙofa na hango Baba zaune a bakin katifa, ya ɗora takalman yaron a kan cinyarsa yana goge ƙurarsu da gefen rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza, amma ko sauti ba ya fita. Na tsaya da kofi a hannu, ƙafata ɗaya ta ɗaga za ta shiga, sai na fasa, domin na san idan ya ɗago ya gan ni kunyar da zai ji za ta ƙara masa wani ciwon a kan wanda yake ciki. Na koma na kwanta. Da asuba ya buga mini ƙofa kamar kullum, ya ce: "Kai, salla."

Ni ne ɗan farinsa, kuma har yau bai taɓa kiran sunana ba. Wannan alkunya ce, kuma ban taɓa ɗaukarta a matsayin rashin ƙauna ba. To amma ita ce ta sa da na ga Lee ya durƙusa ya rungumi mahaifinsa na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, domin shi ya shiga ɗakin, ni kuwa ban shiga ba. Shi ma Adama ya rasa ɗa, Zak, wanda ya mutu a hatsarin jirgi, kuma Lee ya yi shekaru yana ɗora masa alhakin mutuwar, suna haɗuwa suna gaisawa kamar shugaba da na ƙasa da shi, kowa ta ciki na ciki. Wannan shirun da ke tsakaninsu shi ne abin da na fi gaskatawa a duk shirin, fiye da giyar Tigh da abokina yake ɗauka ita ce hoton namiji na haƙiƙa. Akwai maza masu shaye-shaye da zage-zage, ba na musu, amma wanda ya ce nuna su kaɗai shi ne nuna gaskiya, ya manta da irin su Baba, waɗanda suka fi yawa a cikin mazan da na sani. Auta kuma zaure kawai ya gani. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar Baba a waɗannan kwana uku ba ta ba kowa labarin komai ba.

Abu ɗaya na yarda da auta a kansa: da a gidanmu ne, kukan ba zai yi ƙara haka ba, kuma ba za a fasa madubi ba. Wannan bambancin al'ada ne tsakaninmu da waɗanda suka rubuta labarin, kuma ba ya nufin sun yi wa maza ƙarya.

Bayan magariba na ɗauki mota na je gaishe da Baba. Na same shi a zaure a kan buzunsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon carbinsa. Muka taɓa zancen damina da tsadar taki, na yi niyyar in ce wani abu game da marigayin, na buɗe baki sai na ji kaina ina tambayarsa ko maganin ciwon gwiwarsa ya ƙare. Ya ce da saura. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin ƙofa, abin da bai saba yi ba, ya haska tayar gaba da tocila, ya danna ta da sandarsa, ya ce: "Wannan ta suɗe, kada ka hau babban titi da ita." Na ce: "To, Baba, gobe in Allah ya yarda zan canza." Bai koma ciki ba sai da na karya kwana, domin ina hango hasken tocilarsa ta madubi.