Gazargamu tana cikin na kuɗi

Alhamis. Wuta ta ɗauke tun kafin azahar, shago ya koma tanda. Waya uku kawai na gyara, biyu ma wurin caji ne ya toshe da ƙura. Garwa a irin wannan lokaci ko iskar da ke tasowa daga Binuwai da zafinta take zuwa.

Da la'asar Auta ya iso a kan mashin yana haki, wai an yi rangwame, in za mu saya yanzu ne. Maganar sayen ƙari ce a kan wasan kwamfutar da muke bugawa. Tun watan Mayun 2020, lokacin korona, da shagon Epic ya raba gundarin Civilization VI, wasan kafa birane da mulkin daula, kyauta muka sauke shi, kuma shi muke bugawa har yau. Gundarin kaɗai, yadda ya fito a 2016, babu ƙari ko ɗaya. Ni ban taɓa jin ya gaza mini ba. Na san shi kamar yunwar cikina: inda zan kafa birnin farko, lokacin da zan gina ganuwa, maƙwabcin da ba a juya masa baya. Kwamfutar ma da ƙyar take ɗaukarsa, in wasa ya yi nisa sai na haɗa shayi kafin zagaye ɗaya ya wuce.

Auta ƙarin Rise and Fall yake so, na 2018, don ya fi araha kuma akwai Shaka na Zulu a ciki. Na ce masa in dai sayen za a yi, Gathering Storm na 2019 ya fi, domin dokokin wancan duk suna cikinsa: biyayyar birane, gwamnoni, zamanin albarka da zamanin duhu. Abin da za ka rasa ƙasashensa ne da wasu gine-gine. Amma asalin kuɗinsa dala 40 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato sama da sefa dubu 20. Ko da rangwame sai an nemi mai katin banki, a tura masa kuɗin ta waya har da ladansa, sannan ga kuɗin data na saukewa. Muka rabu ba mu tsayar da magana ba.

Akwai kuma abin da ban gaya masa ba. A cikin Gathering Storm koguna suna ambaliya, ruwa ya share gonaki da unguwanni, sai ka gina madatsa. Mutane suna yabon wannan sosai. Ni kuwa na ga ambaliyar 2012 da idona, na ga mutane da katifa a ka. Ban tabbata ina son in dawo gida da dare in sake kallon haka ba, ko da a wasa ne.

To, bayan isha ne abin da ya hana ni barci ya faru.

Muna tsakar gida a kan tabarma, ina kallon wani a waya yana buga Mali. Mansa Musa ke nan, shi ma sai a Gathering Storm. Ma'adinansa zinariya suke zubarwa, biranensa sun fi son hamada, kasuwarsa Suguba. Ina cikin kallo ɗan leƙen asirinsa ya ci karo da wani ƙaramin birni, suna ya fito a sama. Na karanta a fili ba tare da na yi niyya ba: Ngazargamu.

Kawu yana gefe da carbinsa. Ya ce, "Me ka ce?"

Na maimaita. Ya miƙo hannu, na ba shi wayar. Ya nisanta ta da fuskarsa don tabaransa yana ɗaki, ya daɗe yana duba ɗan birnin nan da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Birnin Gazargamu? Namu na Barno?"

Na ce shi ne, Kawu.

"Wane Mai suka sa? Ali Gaji da ya kafa shi, ko Idirisa Alauma?"

Nan bakina ya yi nauyi. Na ce ba su sa kowa ba. Ba daula ba ce da mutum zai zaɓa ya mulka, birni ne guda ɗaya mai zaman kansa. Manyan ƙasashe suna aika masa jakadu, wanda ya fi aikawa shi ne ubangidansa, ladansa kuma ya sayi sojoji da araha.

Ya yi shiru. Can ya ce birnin da ya fi shekara 300 yana riƙe da Barno, da fatake daga Fezzan suke sauka a ƙofarsa, shi ne aka mai da ɗan amshin jakadu. Ba da faɗa ya faɗa ba. Da muryar da yake ambaton Kaka ya faɗa, ita da har ta rasu ba ta ce masa komai sai "Birni", alhali ko kufansa da ke can wajen Gaidam a Yobe ba ta taɓa gani ba.

Sai ya tambaya ko yana cikin wanda muke bugawa kullum. Na ce a'a, yana cikin na kuɗi. Ya ce ana iya cin sa da yaƙi? Na ce ana iyawa, wasu ma da shi suke fara buɗe hanya.

"To kai kada ka ci shi. An riga an ci shi sau ɗaya a 1808, ya isa."

Ya miƙo mini wayar ya shige ɗaki.

Tun ɗazu nake juya abin. Shekara da shekaru ina buga Roma da Masar da Kwango a gundarin, ban taɓa jin an bar mu a waje ba, sai yau da na ga an sa mu a ciki, a ɗan lungu. Wani sashe na zuciyata yana cewa bai kamata in biya don wannan ɗan lungun ba. Wani sashen kuma har ya fara shiri: in zaɓi Mali, in tabbatar birnin ya fito a taswira tun kafin a fara, duk jakadan da na samu in tura can, in ajiye mahaya a bakin iyakarsa.

Inna ta aiko da fura, ban iya sha ba. Wuta ta dawo ƙarfe sha ɗaya da wani abu.

Da na je kunna kwamfuta na tarar da takardar dubu 2 a ninke a ƙarƙashinta. Auta ya rantse ba shi ba ne. Fitilar ɗakin Kawu a kashe take.